Yadda Na Yanke Gwaggo Daga Hoton Dangi

Masu karatu, kafin wani ya fara yi min wa'azin haƙuri, bari in gaya muku na yi shi shekara ashirin da uku, kuma abin da ya ƙara min furfura ce kawai da ciwon baya.

Ga wanda yau ya fara shigo mana: ni mai hoto ne. Shekarata arba'in da bakwai. Ina da shago mai ɗaki ɗaya, da shuɗin labule, da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa. A dangi ba mai kirana da sunana, Tsaya-haka ake ce min, don abin da nake faɗa ke nan kafin in danna.

Malama kuwa ita ce yarinyar da na so ina ɗan ashirin da huɗu. Ni na fara ganinta, ni na fara sallama a ƙofar gidansu, ni ne kuma wawan da ya ɗauki hotonta ya kai wa Gwaggo, yayar mahaifina, wai ta sa albarka. Gwaggo ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Wannan ta fi ƙarfin mai hoto. Me za ka ciyar da ita, kwali?" Ba ta mayar min da hoton ba. Sati biyu bayan nan ɗanta, Yaya Manaja, ya fara ajiye motarsa a ƙofar gidansu Malama. Ni kuma na yi abin da na fi gwaninta a kai, na yi zuciya, na ɗauke ƙafa, ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Ba wanda ya zo. Saƙon da ya zo na Gwaggo ne, cewa ranar biki in taho da kyamarata. Na je. Na ɗauka. Abin da har yau yake ci min rai shi ne hotunan sun yi kyau.

Tun ranar ban ƙara taka taron dangi ba. Na yi aure sau ɗaya, shekara huɗu, ta tafi, ta ce ina kallonta kamar mai neman inda haske ya fi faɗowa. Ba ta yi ƙarya ba.

Manaja da Malama sun rabu shekara shida da suka wuce. Wata takwas ke nan ta shigo shagona neman hoton fasfo. Sau goma sha huɗu na ɗauka.

"Kyamarar ce ta tsufa ko kai?" ta ce.

"Mu duka," na ce.

Daga nan saƙonni suka fara, ya makaranta, ya shago, ka ci abinci. Da na ga shekaru ba sa jiran mai kunya, sai na tambaye ta kai tsaye. Ta rubuto: "Bari in aurar da 'yata tukuna. In an gama zan ba ka amsa."

To, ana saura kwana huɗu bikin, sai ga kiran baƙuwar lamba.

"Tsaya-haka? Ashe kana raye."

"Ina raye, Gwaggo. Ina wuni?"

"Jikata za ta yi aure ranar Asabar. Ka zo da injinka. Yaran yanzu sai su fito da mutum kamar an shafa masa alli."

Babu "ya gida", babu "ya aiki". Injin aka gayyata, ni rakiya zan yi masa.

Ko awa ba a yi ba Malama ta rubuto: "Na ji za ka zo. Don Allah, Mai hoto, na san halinka in ka yi shiru. Kada ka yi min abin kunya a bikin 'yata."

"Ni? Hoto kawai zan ɗauka."

"Shi nake tsoro."

Wallahi a lokacin ba ni da wata muguwar niyya. Burina bai wuce su gan ni su san ban lalace ba. Na rina gashi da kaina, rinin ya kama min kunnen hagu. Na fito da kwat ɗina mai ruwan toka, na tarar maɓallin tsakiya ba ya ga maciji da ramin da aka yi masa, sai na bar ta a buɗe kamar da gangan. Na sa sabon takalmi mai ƙara duk taku ɗaya, yadda ba zan iya zuwa ko'ina a ɓoye ba.

Ɗakin taron babba ne. Kujeru sanye da fararen riguna an ɗaure musu ƙugu da jan ƙyalle, fankoki suna juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan, sifika tana ihu duk lokacin da mai gabatarwa ya buɗe baki. Ina shiga aka yi min caa.

"Kai! Tsaya-haka! Kai ne ka yi tumbi haka?"

"Har yanzu hoton ne?"

"Ba ka ƙara aure ba? To lafiya dai ko?"

Wata tsohuwa ta rungume ni ta yi kuka har ta jiƙa min kafaɗa, ta ce kamata ɗaya da marigayi. Da ta share hawaye sai ta ce, "Ɗan wa ne kai ma?" Wani ɗan baffana lauya, wanda muka yi shekara goma muna kwana kan katifa ɗaya, ya miƙo min wayarsa ya ce in ɗauke shi da matarsa, kafin ya miƙo min hannu. Mutum ɗaya ce ta yi murnar ganina don ni, ƙanwata Auta, wadda 'ya'yanta huɗu amma har yau Auta ce. Ta leƙa kunnena ta ce, "Yaya, wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?" Ta tofa yawu a bakin mayafinta ta hau gogewa.

Can na hango Malama. Doguwar riga kore mai duhu, mayafi ruwan madara, tabarau na karatu rataye a wuya kamar yanzu za ta duba jarrabawa. Uwar amarya ce, amma teburin da aka ba ta shi ne na bakin ƙofar kicin, inda duk mai ɗauke da tire sai ya ce mata ta ɗan matsa. Muka haɗa ido. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta girgiza shi a hankali. Na dafa ƙirji, alamar ni mutumin kirki ne.

Sai na ji an daki bayana.

"Ƙanina!"

Yaya Manaja. Shekara tara rabonsa da wani ofis, amma sunan ya ƙi sauka. Zobe uku, agogo kamar murfin kofi, turaren da ya riga shi isowa.

"Ta dama za ka riƙa ɗaukata, hagu ba ta karɓe ni." Ya sunkuyo kusa da kunnena yana murmushi. "Na ji an ce tana yawan zuwa shagonka. Ba komai, ai kai tun muna yara haka kake. Sai na gama da takalmi kake sawa."

Na yi dariya. Ku ji fa, dariya na yi, har da cewa, "Kai Yaya, ba ka da dama." Shekara arba'in da bakwai, kuma abin da bakina ya iya ke nan.

Ban gama haɗiye wannan ba aka ce Gwaggo tana kira. Tana kan babbar kujera kusa da ta amarya, sarƙa uku a wuya, sanda a jingine, tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara, takalmin ya amsa.

"Ka tsufa," ta ce.

"Na gode, Gwaggo."

"Hoton dangi nake so, babba, na bangon falona. Ni a tsakiya." Ta nuna ƙofar kicin da leɓe. "Waccan kuma za ta cusa kanta, ba zan hana ta gaban mutane ba. Ka tsayar da ita a gefe, yadda kuke yi, in ka je ka yanke ta. Ba ta cikinmu."

Bari in tona muku asirin sana'a. Duk mai hoto ya san wannan aikin. In akwai wanda masu biki ba sa so, saurayin da ba a tabbatar da shi ba, ko surukin da ake shirin rabuwa da shi, sai ka tsayar da shi a ƙarshen layi, ka ce, "Ɗan matsa kaɗan, haske ya fi kyau a nan." Tazarar tafin hannu kake nema tsakanin kafaɗarsa da ta na kusa da shi. In ka samu wannan, almakashi ya samu hanya. Don haka duk ranar da mai hoto ya yabi hasken da ke gefe, ka je ka binciki matsayinka a gidan.

"An gama, Gwaggo," na ce.

Na miƙe, kuma a tsakanin kujerarta da ƙofa abin ya zo min gaba ɗaya, kamar dama shekara ashirin da uku yana zaune yana jirana. Na tuna yatsan Malama. Na san sarai abin da zan iya rasawa. Na ce wa kaina hoto ɗaya ne, sauran ɗari huɗu duk zan yi su tsakani da Allah. Haka mutum yake lallashin kansa in ya riga ya yanke shawara.

Na ja Auta gefe.

"In an fito matakala, duk wanda kika san uwarsa, ki tura min shi dama. Duk wanda ba ki sani ba, hagu. In hagun ba ta cika ba, ki nemo."

"In nemo a ina?"

"Kicin. Bakin ƙofa. Titi ma in ta kama."

Ta dube ni, ta dubi Gwaggo, sai ta toshe baki da mayafi. "Yaya, Allah ya shirye ka. Mutum nawa kake so?"

Ƙarfe huɗu da rabi aka fito matakalar gaban ɗakin taron. Na kafa kyamara a kan ƙafarta, na sa aka kawo kujerar Gwaggo aka dasa a tsakiya cif. Ba ƙarya a nan, ko da awo aka zo tsakiyar ce.

"Gwaggo, a cire tabarau, yana mayar da haske."

Ta cire ta ba Auta. Daga wannan lokacin Gwaggo ba ta bambance mutum da tukunyar fulawa in ya wuce taku biyu.

"Ina amarya? Ta zo kusa da ni."

"Gwaggo, farar riga tana cinye haske. In ta tsaya kusa da ke, ita za ta fito, ke ki yi duhu. Wannan hoton naki ne."

"To a matsar da ita."

Da bakinta ta faɗa, ina da shaidu.

Na tsayar da Manaja a hagunta, na ce ya juyo da damarsa, ya ɗaga haɓa, ya riƙe numfashi. Mutumin da yake fama da tumbinsa ba ya da lokacin duba wa ke bayansa. A bayan nasa kuwa Auta ta yi aiki. Masu raba abinci shida da fararen hulunansu. Mai sifika. Mai gadi. Direbobi biyu. Abokan aikin ango da ba su san kowa ba. Wata mata mai sayar da jakunkuna da ta shigo talla. Da wani dattijo mai kamala wanda bikin ɗakin taron da ke maƙwabtaka ya zo, ya ga abincin nan ya fi, ya zauna. Ba wanda ya ce uffan, don a danginmu an yi yawan da kowa yana zaton wanda bai sani ba ɗan wani ne.

A dama na jera dangi na gaskiya, mutum ashirin da biyu. Ango da amarya a tsakiyarsu, Malama a jikin 'yarta, yarinyar ta riƙe mata hannu gam. Sannan na zo wurin lauya, wanda ke tsaye daf da kujerar Gwaggo ta dama.

"Ɗan matsa kaɗan. Kaɗan dai. Yawwa."

Tafin hannu ɗaya. Na auna da idona, har na ƙara yatsa biyu saboda sandar.

Gwaggo ta kamo hannun kwat ɗina ta yi raɗa. "Ta yi gefe?"

"Ta yi nisa da ke sosai, Gwaggo."

"Allah ya yi maka albarka."

Rabona da albarkar Gwaggo tun ina aji uku. Na koma bayan kyamara, na leƙa. Kowa yana kallona yana washe baki, ban da mutum ɗaya. Malama ta kalli hagu, ta kalli masu fararen huluna, ta kalli tazarar, ta dawo da idonta cikin kyamara. Malamar lissafi ce.

"Tsaya haka!" na ce. Dangi suka fashe da dariya, na danna.

Washegari da safe na buɗe shago, na haɗa shayi, na zauna gaban kwamfuta. Na fara tura wa amarya hotunanta, kuma na rantse ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, har ubanta na rage wa tumbi a guda uku. Sannan na buɗo babban. Layi ɗaya na ja daga sama zuwa ƙasa, ya bi ta tazarar nan ko zaren mayafi bai taɓa ba. Hoto ɗaya ya zama biyu.

Akwai guruf ɗin dangi da Auta ta jefa ni ciki saboda biki, mutum tamanin da wani abu. Na tura na farko, na rubuta a ƙasa: "Dangi."

Na kurɓi shayi. Na tura na biyu, Gwaggo a kan kujera ta ƙanƙance ido, Manaja ya kumbura kamar mai nutso, dattijon bikin maƙwabta ya dafa kafaɗarsa cikin ƙauna. Na rubuta: "Sauran jama'a."

Na ajiye kofin shayi. Sai wayar ta fara rawa a kan tebur.

"Innalillahi."

"Wai waye wannan tsohon da ya dafa Yaya?"

"Ba mijin Inna Ƙarama ba ne?"

"Mijina ya rasu shekara takwas, mara kunya."

"Tsaya-haka ka goge, Gwaggo tana da hawan jini."

"Kar ya goge, ban sauke ba tukuna."

Lauya ya rubuto dogon bayani cewa shi umarnin mai hoto ya bi, bai san da wata manufa ba. Manaja ya turo saƙon murya na minti shida. Na saurare shi sau uku, kamar waƙa. Daga nan sai rubutu ya fito cewa an cire ni daga guruf.

Masu karatu, ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da ban ji ba ranar aurena. Na miƙe na zagaya shagon takalmi yana min kiɗa. Daɗin ya kai kamar awa ɗaya. Sannan na duba sunan Malama. Ta gani, tana kan waya, ba ta ce komai ba.

Na rubuta, "Ina kwana." Ta karanta. Shiru.

Na rubuta, "Ya gajiyar biki?" Ta karanta. Shiru.

Ranar ban ci abincin rana ba. Wani ya zo hoton fasfo na ɗauke shi ido a rufe, na ce masa haka ake yayi.

Litinin bayan an tashi makaranta na ji an ɗaga labule. Ta shigo da jakar littattafai, alli a hannun riga, ta zauna kan kujerar ba tare da ta amsa gaisuwata ba.

"Me na ce maka?"

"Kin ce kada in yi abin kunya."

"Me ka yi?"

"Yarinyar ta yi kuka?"

"Ta yi dariya har sai da mijinta ya ba ta ruwa. Ba wannan na tambaye ka ba." Ta cire tabarau ta goge. "Kai ba ka iya faɗa a lokacinsa ba. Da aka ƙwace maka ni, ka tafi ka yi zuciya. Yanzu da furfura ka zo kana ramawa da almakashi."

Na sunkuyar da kai. Lissafin ya fita daidai.

"Shekara goma sha bakwai na yi a gidan nan," ta ce, muryarta ta sauka. "Bangon falon Gwaggo har hoton motar ɗanta akwai. Nawa babu ko ɗaya." Ta nuna kwamfutar. "Ka wanke min na farkon. Babba. Da firam."

Na ɗago.

"Jiya Gwaggo ta kira ni. Ta ce in na kuskura na aure ka, ba za ta ƙara yi min magana ba har ta koma ga Allah. Na ce a raina, ashe hanyar ke nan, ban sani ba duk shekarun nan."

"To... amsar fa?"

"Kai wallahi sai an rubuta maka a allo. Eh."

Ban sani ba ko so ne, ko ita ma ramuwar ce. A shekaruna ba a wannan binciken. Na nemi inda zan zauna na rasa, don kujera ɗaya ce a shagon, sai na jingina da ƙafar kyamara muka kusa faɗuwa tare.

"Kada ka fara murna," ta ce. "Na gaya wa Baba. Ya ce wancan karon ɓacewa ka yi ba sallama, don haka wannan karon ba zai saurari aboki ko maƙwabci ba. Babba yake so daga gidan mahaifinka, ya zo ya zauna a gabansa ya ce ya tsaya maka. Ya ba ka zuwa ƙarshen wata. In babu, a bar maganar."

"Ai wannan mai sauƙi ne," na ce, na fara lissafi da yatsu. Mahaifina ya rasu. Baffa Babba ya rasu. Baffa na tsakiya ya rasu. Ƙaraminsu bara. Lauya na girme shi da wata bakwai. Yatsun suka tsaya.

"Su nawa suka rage?" ta ce.

"Biyu."

"Suna ina?"

Na juya kwamfutar na nuna mata hoto na biyu.

Ta daɗe tana kallo. Ta mayar da tabarau, ta rataya jaka, ta miƙe. A bakin labule kafaɗunta suna rawa, ban sani ba ko dariya ce ko ta tausaya min.

"Saura kwana goma sha ɗaya, Mai hoto."

Na sha ruwa kofi biyu. Na gwada gaisuwar sau uku a gaban madubin da kwastomomi suke gyara hula. Sannan na nemo lambar nan na danna. Ta yi ƙara har sau bakwai kafin a ɗauka.

"Gwaggo, ina wuni? Ni ne, dama cewa na yi ko zan zo in gaishe ki, akwai wata 'yar magana..."

"Wa kake nema?"

"Ke, Gwaggo. Ai ke kaɗai kika rage mana a dangi."

"Ayya, ɗan nan, ka yi kuskuren lamba," ta ce a hankali, cikin murya mai daɗi da ban taɓa jin ta da ita ba. "Nan sauran jama'a ne."

Ta kashe.